Shara a Ƙasa, Ɗalibai a Sama

Da can gari yakan kai shararsa bayan ganuwa ya juya mata baya. Yanzu birane da dama sun sake shawara. Suna gina wurin tace shara da sake sarrafa ta, sai su haɗa masa ajin karatu da dandalin kallo, su gayyaci 'yan makaranta su zo su ga inda gwangwanin da suka yar jiya ya kwana. Akwai lissafi a bayan wannan gayyata. Duk wanda ke harkar ya san babu injin da zai gyara sharar da aka riga aka cakuɗa tun daga gida: kwalin da miya ta jiƙa ya tashi daga aiki, robar da ta kwana da kunzugun jariri ba mai sayenta da daraja. Ribar masana'antar, ke nan, tana hannun mai zubar da sharar, kuma hanya mafi sauƙi ta shiga gidansa ita ce ta ɗansa.

Sai dai ayyukan biyu ba sa jituwa a gini ɗaya. Masana'anta tana son fili buɗaɗɗe da manyan ƙofofi, motoci na shiga da baya, ga ƙara ga ƙura. Makaranta tana son natsuwa da iska mai kyau, da ƙofar da yaro ɗan shekara bakwai zai iya turawa ya fita a guje idan wani abu ya faru. Kusan duk abin da dokokin gini ke faɗa a kan irin wannan wuri amsa ce ga tambaya guda: ta yaya yaro zai ga komai ba tare da wani abu ya taɓa shi ba?

Dokokin gini na zamani sukan fara da rarraba gine-gine bisa aikin da za a yi a cikinsu. Wurin taro rukuninsa daban, makaranta daban, masana'anta daban, sito daban. Haka kundin da mafi yawan jihohin Amurka ke aiki da shi yake, haka ma kundin dokokin gini na Najeriya na 2006. Kowane rukuni da sharuɗɗansa: yawan mutanen da aka yarda su shiga, faɗin ƙofofi, nisan da mutum zai yi kafin ya kai mafita, tsawon lokacin da bango zai iya tare wuta. Idan gini ya tara rukuni biyu, ko dai a raba su da bango da rufi masu jure wuta na awa ɗaya ko biyu, ko a ɗora wa ginin gaba ɗaya sharuɗɗan rukunin da ya fi tsanani. Na biyun tsada gare shi ƙwarai a katafaren gini, shi ya sa masu zane suka fi bin na farko. Wasunsu ma sukan wuce nan, su fitar da ajin waje ya zama gini mai zaman kansa.

Abin da aka yi ke nan a Sunset Park, a yankin Burukilin na birnin Niyu Yok, inda aka buɗe masana'antar tace ƙarafa da kwalabe da robobin birnin a ƙarshen 2013. Hukumar birnin da kamfanin Sims ne suka haɗa kuɗi, kimanin dala miliyan 110, a kan wani tsohon wurin tsayawar jiragen ruwa mai faɗin eka 11. Wadda ta zana ginin, Annabelle Selldorf, an fi saninta da gidajen nuna zane-zane da kayan tarihi, kuma hannunta ya nuna a aikin, domin ta ɗauki mai ziyara a matsayin wanda za a shata wa hanya tun daga bakin ƙofa. Wurin juye kaya gini ne daban, wurin injuna daban, cibiyar koyarwa da ofisoshi daban. Daga ajin akwai gadar ƙarfe da ke ɗaukar mutum ta sama har zuwa dandalin da zai tsaya ya leƙa ƙasa, ya ga bel yana tafe da kaya, maganaɗisu yana ɗauke baƙin ƙarfe, na'ura mai ido tana gane irin roba tana hure ta gefe da iska. Hanyar baƙi ba ta haɗuwa da ta manyan motoci. Babban kaso na kayan ma ta ruwa yake zuwa a jiragen dako, abin da ya rage wa unguwar zirga-zirgar motocin shara. Wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan wuri ya san darajar hakan, don motar da ke bi ta ƙofar gidansa tun asuba ta fi ginin damunsa.

Shawarar da ta fi kowace biyan kuɗinta kuwa ido ba ya ganinta. Kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, an ɗaga filin da ƙafa huɗu sama da abin da doka ta nema, aka cike shi da niƙaƙƙen gilashi da duwatsun da aka haƙo daga ramin sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin. A Oktoban 2012, ana tsakiyar aiki, guguwar Sandy ta turo ruwan teku ya mamaye unguwannin bakin ruwa, amma gine-ginen da injunan suka tsira. Doka tana faɗin mafi ƙarancin abin da za a yi ne, kuma taswirar ambaliyar da take dogara da ita da ruwan shekarun baya aka zana ta.

Wuta ta fi ruwa yi wa waɗannan wurare ɓarna. Roba daga ɗanyen mai aka yi ta, kuma idan ta kama haka take ci. A daren 30 ga Yunin 2013, wata fitilar takarda irin wadda ake kunnawa a saki sama a wajen biki ta faɗa cikin wani wurin tara robobi da takardu a Smethwick, kusa da Bamingham a Ingila. Kimanin tan 100,000 ya kama. Ma'aikatan kashe gobara kusan 200 suka taru a kansa, aka ƙiyasta asarar a fam miliyan 6. Gobarar wuraren shara ta yi yawa a ƙasar har hukumar kula da muhalli ta Ingila ta wajabta wa masu lasisi rubuta shirin hana gobara, ta kuma sa musu lambobi a ciki.

Lambobin sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne ke yanke girman filin da za a saya tun kafin a zana bango. Tari ba zai wuce mita 4 a tsayi ba, ba zai wuce mita 20 a tsawo ko faɗi ba. Tsakanin tari da tari a bar mita 6, sai in an gina bangon da zai tare wuta a tsakani. Kayan da ke iya kamawa kada su wuce wata 6 a ajiye, domin tari idan ya daɗe yakan ɗau zafi daga ciki ya kama da kansa ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. A keɓe fili fanko da zai ɗauki rabin tari mafi girma, inda za a ja kayan da suka fara hayaƙi a baza su. Manufar duka ita ce a iya kashe wutar cikin awa 4. Sai ruwa. Tarin da girmansa ya kai kubik mita 300, wato kamar mita goma-goma da tsayin mita uku, yana buƙatar lita 2,000 a kowane minti har tsawon awa 3. Lita 360,000 ke nan, kusan cikin tanka 11 irin mai ɗaukar lita 33,000. Ruwan nan kuma idan ya gama aikinsa ya zama guba, dole a tanadi inda za a tare shi kada ya gangara rafi ko ya sauka rijiyoyin unguwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi sauƙin mantawa, don ranar zane ba kowa ke tunanin inda ruwan kashe gobara zai tafi ba.

Ga kuma sabon baƙo: batirin litiyam na waya da fitilar caji da kwamfutar hannu. Idan feloda ta taka shi ko injin matse kaya ya murƙushe shi, sai ya tashi da wuta a tsakiyar kwali. A 2016 wata masana'antar tace shara a San Carlos ta jihar Kalifoniya ta ƙone har aka rufe ta na watanni, kuma batir ake zargi. Shi ya sa sababbin gine-gine ke sa kyamarar da ke gane zafi a saman wurin juye kaya, da bututun feshin ruwa a kan bel, da akwatin karɓar batir a bakin ƙofa nesa da sauran kaya. A nan ne ajin karatun ke mayar da kuɗin da aka gina shi da shi. Yaron da ya koma gida ya hana a jefa matacciyar waya a kwandon shara ya kashe gobara tun kafin kyamara ta gan ta.

Akwai kayan da ko gilashi bai isa ya shiga tsakaninsu da yaro ba, kuma wurin da ke karɓar ɗalibai bai kamata ya taɓa su ba ko kaɗan. A Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar ta Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batiran mota ana fitar da dalmarsu, ƙurar ta shiga ƙasa ta shiga ɗakunan kwana. Mu ma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Fasa batir sana'a ce mai buƙatar lasisinta da rufaffen gininta, da wurin wanka da canza tufafi kafin ma'aikaci ya koma cikin iyalinsa. Wani haɗarin ma ba shi da wari ba shi da hayaƙi. A 1987 a Goiânia ta Barazil, masu neman tsofaffin ƙarafa sun ɗauko wata na'urar gasa cutar daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa ta suka sayar wa mai sayen gwangwan. Hodar da ke ciki, mai shuɗin walƙiya, ta kashe mutum huɗu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida, aka kuma auna mutum sama da 100,000. Irin wannan ne ya sa manyan wuraren sayen ƙarfe ke kafa na'urar gane tururin nukiliya a gefen sikelin mota.

Sauran abubuwan na injiniyoyi ne, kuma sanannu ne. Daɓen wurin juye kaya kankare ne mai kauri, domin fasasshen gilashi da bakin feloda suna cinye shi a hankali, a kuma karkata shi zuwa magudanarsa daban kada ruwan shara ya haɗu da ruwan sama. Rufi ya yi tsayin da tifa za ta ɗaga bayanta ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Fanka ta riƙa zuƙo iska ciki, don wari ya bi ta matata kafin ya fita. Inda ƙara ta kai desibel 85 ma'aikaci na buƙatar abin toshe kunne, saboda haka dandalin kallo ko dai a rufe shi da gilashi ko a taƙaita mintunan da yara za su yi a kai. Ya samu mafita biyu, ɗaya ba ta bi ta cikin masana'antar ba, shingensa kuma kada ya zama mai sanduna a kwance da yaro zai taka ya hau. Wurin wanke hannu a sa shi kan hanyar fita, inda ba a iya kauce masa.

Kamikatsu ta bi wata hanya daban. Ƙaramin gari ne a tsaunukan tsibirin Shikoku na Japan, mutanensa ba su kai 1,500 ba. Da ƙona shararsu suke yi, har dokar hana hayaƙi mai guba ta tilasta musu rufe ƙananan injunan ƙonawar da suka saya. A 2003 suka yi shelar za su daina ƙonawa da binnewa gaba ɗaya zuwa shekarar 2020. Garin ba shi da motar kwasar shara. Ragowar abinci a gida ake mai da shi taki, sauran kuwa kowa ya wanke nasa ya kawo da kansa, ya rarraba shi gida sama da 40. Kusan kashi 80 cikin 100 na sharar garin ana sake amfani da shi. Cibiyar da Hiroshi Nakamura ya zana musu, wadda aka buɗe a 2020, idan aka hango ta daga sama siffar alamar tambaya gare ta. Da itacen dajin garin aka gina ta, da tagogi kusan 700 da mutane suka ba da daga tsofaffin gidajensu. A ciki akwai rumfar rarrabawa, da shagon da mutum zai ajiye abin da ba ya so wani ya ɗauka kyauta, da zauren taro, da ɗan masauki a ɗigon alamar tambayar. A jikin kwanduna an rubuta inda kayan za su je, da kuɗin da garin zai samu ko zai biya a kansu.

A nan ba a buƙatar gada ko gilashi, domin babu feloda, babu ruɓaɓɓen abinci, babu tari mai tsayin mita huɗu. An kawar da haɗarin tun kafin ya iso ginin, kuma mai rarrabawar shi ne ɗalibin. Amma kada a ruɗu. Su ma ba su kai ga burin da suka sa wa kansu na 2020 ba, don akwai kayan da tun daga kamfani aka yi su ba za su sake sarrafuwa ba. Kuma tsarin garin da kowa ya san kowa, ga mota ga ruwan famfo na wanke kwalba, ba za a ciro shi a dasa a Kurna ko Rijiyar Lemo ta Kano yadda yake ba.

Kishiyar Kamikatsu ita ce Amager Bakke ta Kofanhegan, katafariyar masana'antar ƙona shara mai samar da lantarki da zafin ɗumama gidaje, wadda ta fara aiki a 2017 aka kuma buɗe filin wasan zamiya a kan rufinta a 2019. Hotonta ya zaga duniya. Sai dai an yi mata ciki fiye da sharar da yankin ke samarwa, har ta kai ana shigo da shara daga ƙasashen waje don ciyar da ita. Ginin da ke ce wa yara su rage shara alhali shi kansa yana jin yunwarta, da wuya maganarsa ta yi nauyi.

A Najeriya dokoki ba su yi kaɗan ba. Bayan da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa masana'antar sake sarrafa shara cikin ayyukan da dole a yi musu nazari kafin a fara. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da shara a 2009. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keken guragu, wa'adin kuma ya cika, don haka gadar kallon da matakala kaɗai ke kaiwa gare ta ta saɓa wa doka. Inda gizo ke saƙa shi ne izinin gini. Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka kundin 2006 ba ya cizo sai inda jiha ta ɗauke shi ta mai da shi dokarta. A Kano mai gini zai bi ta KNUPDA, shara kuma tana hannun REMASAB. A Kaduna KASUPDA ce ke ba da izini. Kowace hukuma tana duba nata ɓangaren, tambayar ko hanyar yara ta gitta ta tifa kuwa tana iya faɗawa tsakanin tebura.

Duk zanen da za a yi a nan wanda bai fara da 'yan jari-bola ba, an yi tuya an manta da albasa. Su ne masana'antar tace sharar da muke da ita a yau: yaro da buhunsa da maganaɗisu ɗaure a igiya, mai kura, dillalin da ya kafa sikeli a bakin titi, mai injin niƙa roba, har zuwa kamfanonin Sharaɗa da ke narka ta su fitar da buta da bokiti da silifa. Kafin motar hukuma ta iso bola, ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe da robar kirki sun riga sun tafi. Abin da ya rage galibi ƙasa ce da toka da ragowar abinci da leda. Injin da aka ƙera don kwalaben Niyu Yok idan aka ɗura masa wannan, yashi zai cinye haƙoransa, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa. Abin da ya dace da mu ya fi kusa da rumfa mai dogon rufi, buɗaɗɗiya ta gefe biyu, da teburin rarrabawa daidai ƙugu kada mutum ya wuni a sunkuye, da rariyar fitar da ƙasa, da sikelin da mai kawo kaya ke ganin lambarsa da idonsa, da ɗakin ajiya mai kulle, da ban-ɗakin mata daban. Barazil ta bi wannan hanya: dokarta ta shara ta 2010 ta shigar da ƙungiyoyin masu tsintar shara cikin tsarin, birane da dama kuma sun ba su rumfunan aiki. Ƙasar da tokar ma ba asara ba ce. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a mangala zuwa gonakinsu da rani. Leda da fasasshen gilashi ne suka ɓata wannan ciniki. Filin yin taki ya kamata ya fi na injuna girma, da daɓensa da rufinsa saboda ruwan Agusta.

Iska ma tana da ta cewa. A ƙasar Hausa da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Aji ko gidajen da aka sa a kan wannan layi za su sha wari, in ba a wannan rabin shekara ba a wancan. Gefen layin ya kamata su koma, arewa maso yamma ko kudu maso gabas da tarin. Hunturun kuma shi ne lokacin gobara, kaya sun bushe ƙarau ga iska na kaɗawa. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano mara silin ya fi haka. Lita 360,000 ɗin nan an lissafa su ne a ƙasar da ke da famfon kashe gobara a bakin titi. Inda motar kwana-kwana ke zuwa da abin da tankinta ya ɗauka kawai, mafita ita ce a ƙanƙanta tarin, a faɗaɗa tazarar, a gina rijiyar tara ruwan rufi tun da damina.

Sai batun wa za a koyar. A Burukilin ɗalibi baƙo ne, ya leƙa ya koma. A nan yara da yawa da ke kan bola aiki suke yi, hannu ba safa, ƙafa da silifa, cikin allurai da fasassun kwalabe. Cibiyar da ta gina wa 'yan makarantar kuɗi dandalin kallo ta bar waɗannan a ƙasa ana kallonsu ta ɗauki al'amarin a baibai. Ajin nasu ne da farko: karatu da lissafi da safe ko da yamma, a gini daban mai ƙofarsa ta titi, sharaɗin shiga rumfar aiki kuma ya zama shekaru. Ga manya, kasuwar Panteka ta Kaduna ta daɗe da nuna cewa tsohon ƙarfe makaranta ce, matasa masu yawa sun koyi walda da ƙira a can. Abin da irin waɗannan kasuwanni suka fi rasawa shi ne tazara tsakanin mai walda da mai tara roba, da hanyar da motar kwana-kwana za ta iya shiga.

Tazarar nan kuma sai an yi gadinta. Wurin da aka kafa a bayan gari, bayan shekara ashirin sai ka tarar gari ya kewaye shi, an yanka filaye har jikin katanga. Bolar Koshe ta Addis Ababa ta yi kusan shekara 50 tana karɓar sharar birnin, mutane suka gina gidaje a gindinta. A Maris na 2017 wani ɓangarenta ya zaftare ya kashe sama da mutum 110, akasarinsu mata da yara. A Agustan 2024 haka ta faru a Kiteezi ta Kampala, sama da mutum 30 suka rasu. Wurin tace shara ba bola ba ne, amma ranar da injin ya tsaya ko mai saye ya daina zuwa, kaya ba sa daina shigowa, 'yan watanni sun isa su mai da shi bola. Don haka takardar izini ta ƙunshi abubuwa biyu da zanen gini ba ya nunawa: iyakar tan nawa aka yarda ya kwana a wurin, wadda da an kai ta sai a rufe ƙofar karɓa, da kuma filin da ke kewaye, wanda ya kamata a shigar da shi cikin takardar mallakar cibiyar, a dasa masa darbejiya a kafa masa duwatsun iyaka, yadda babu jami'in filayen da zai wayi gari ya yanka shi fuloti-fuloti.